Katin Baba na Biyu

Ranar da likitan ƙirji ya ce ƙarin da ke huhun Baba ya ɓace, Baba ba ya cikin ɗakin. Yana waje a kan benci, inda muka saba ajiye shi duk zuwan da muka yi. Ni da Yaya ne a gaban tebur.

Likitan ya juyo mana da fuskar kwamfutarsa. Hotuna uku ne a jere. A na farko, wanda aka ɗauka wata huɗu baya, akwai wani farin dunƙule kamar ƙwan kaza a huhun dama. A na biyu ya koma kamar ƙwayar gyaɗa. A na uku na duba, na sake dubawa, ban ga komai ba.

"Ni dai ban ba shi ko ƙwaya ɗaya ta maganin daji ba," in ji likitan. "Kun sani. Bayan mun ɗebi ɗan naman mun auna, zazzaɓi ya kwantar da shi, muka ce sai ya yi ƙarfi tukuna. Kafin ya yi ƙarfin, abin ya fara ja da baya."

"To ko dama ba ciwon ba ne?" in ji Yaya.

"Shi ne. Na sa an sake duba naman a wani ɗakin gwaji daban, amsa ɗaya aka ba ni. Yana faruwa, amma da wuya ƙwarai. Shekarata ashirin da biyu a aikin nan, a takarda kawai na taɓa ganinsa." Ya cire tabarau ya murza ido. "Kada ku je ku ce na ce ya warke. Cewa na yi ba na ganinsa a hoto. Ku dawo bayan wata uku. In kun ga wani sabon abu a jikinsa, ko mene ne, ku kawo shi kafin lokacin."

Yaya ya kwashi rabin maganar na farko ya fita da shi. Rabin na biyu a kan tebur ya bar shi.

Yadda aka yi Baba ya zama ɗan benci kuwa, tun ranar da sakamakon farko ya fito ne. Umma da Yaya suka zauna suka yanke cewa ba za a gaya masa ba. Wai in ya ji sunan ciwon, zuciyarsa za ta karye kafin huhun ya kashe shi. Aka ce masa sanyi ne ya taru. Na ce huhunsa ne, ba namu ba, shi ya kamata ya fara ji. Yaya ya ce ni auta ce, kuma karatu ya yi mini yawa. Likitan ma da na ɗauka zai goya mini baya, kafaɗa ya ɗaga ya ce iyali sun fi sanin nasu. Haka muka yi wata huɗu muna shiga muna tattauna ran mutum, mutumin yana waje yana kallon bango.

Baba mai gyaran keken ɗinki ne. Shagonsa ɗan ƙarami ne a ƙarshen layin teloli, tsakanin mai sayar da maɓallai da mai guga. Teloli Injiniya suke ce masa. Shekara talatin ya yi a wurin da sigari a gefen baki, sai tarin jini ne ya raba su. Abin da babu wanda ya kama ƙafarsa a kai shi ne saita zare. In keke yana tsinka zare, ko yana cukurkuɗa ɗinki ta ƙasa, Baba ba ya ma taka shi. Zai ja zaren tsakanin babban yatsa da manuni, ya lumshe ido, ya ɗan murɗa noti, ya ce da mai keken, "Je ka gwada."

Sati biyu bayan albishir ɗin likita, wata Asabar da ba ni da makaranta, na kai masa abincin rana. Na same shi yana lalube a kan tebur, yana ɗaga tsumma, yana leƙa ƙarƙashin keke.

"Baba, me ya ɓace?"

"Wani ɗan noti ne. Yanzun nan na cire shi."

Notin yana tsakanin yatsunsa. Yana riƙe da shi, bai sani ba.

Da na nuna masa sai ya yi dariya, ya ce tsufa ya zo bai yi sallama ba. Ni ban yi dariya ba. Daga ranar na sa masa ido. Na ga in yana tafiya ƙafafunsa yake kallo, kamar wanda ya aro su. Na ji yana gaya wa mai guga cewa ƙasa ta koma masa kamar katifa. Sannan wata safiya ya tsaya wanke fuska, ya shafa sabulu, ya rufe ido, sai kawai muka ji faɗuwarsa. Ya fasa gira a bakin famfo.

"Santsi ne," in ji Umma, tana danna masa auduga.

"Umma, wurin a bushe yake."

"Auta, wata huɗu ban yi barcin kirki ba. Yanzu da Allah ya dube mu, ke kuma sai kin tono mana wani?"

Gidan a lokacin cike yake da masu zuwa barka. Gwaggo, ƙanwar Baba, tana gaya wa duk wanda ya shigo cewa ruwan ganyen da take dafa masa ne ya wanke sanyin. Maƙwabcinmu ya ce zumar da ya kawo ce. Kowa yana neman rabonsa a cikin warakar, babu mai son ya ga cewa mai warakar ya daina ɗaura maɓallin rigarsa. Abin da ke ƙona mini rai da mutanenmu ke nan. In labari mai daɗi ya shigo gida, sai a rufe ƙofa da taga don kada wani ya biyo shi, ko da na biyun shi ne mai buƙatar a tashi tsaye.

Ni malamar kimiyya ce a sakandare, ba likita ba. Abin da na iya shi ne awo. Na ɗauki allurar keke ɗaya daga shago, na ɗauki biro. Kowace safiya sai in ce Baba ya kau da kai, in fara tsikararsa daga kan yatsa ina hawa, inda ya ce ya ji sai in ja layi.

"Malama ta rasa allo, ta samu hannuna," yakan ce.

Ranar farko layin a gindin yatsu yake. A ƙafa kuma, a idon sawu.

Na dami Yaya har ya gaji. Direba ne a wani kamfani, Laraba ce ranar hutunsa. Wata Laraba ya ɗauki Baba ya kai shi sashen jijiya, suka dawo da leda. An auna sukari, lafiya lau. Likitar ta rubuta ƙwayoyin bitamin, ta ce a dawo bayan wata uku.

"Kin ji, Malama," in ji Yaya. "Likita ma ta ce ba komai. Ko ita ma za ki ba ta maki?"

Maki kuwa na ba ta, sifili. A raina na ce wace irin likita ce za a kawo mata mutumin da aka samu daji a huhunsa wata biyar da suka wuce, yanzu hannu da ƙafa suna mutuwa, ta sallame shi da bitamin? Kwana goma bayan haka layin hannu ya kai wuyan hannu, na ƙafa ya kai tsakiyar ƙwauri. Na zauna na rubuta takardar ƙorafi shafi biyu zuwa ga shugaban asibiti. Ban bar kalma mai zafi ko ɗaya a baya ba. Saura lambar katin Baba da zan sa a sama, sai na buɗe gwangwanin da Umma ke ajiye takardun asibiti.

Kati biyu na gani. Sunan Baba a kan kowanne. Lambobin daban.

Yaya yana ƙofar gida yana wanke motar kamfani. Na miƙa masa katunan. Ya kalla, ya ci gaba da matse soso.

"Sabo na buɗe masa," ya ce.

"Don me?"

"An ce mini likitar nan yarinya ce, ba ta iya bakinta ba. Da tsohon katin na je, za a ɗauko tsohon fayil, ta buɗe a gabansa ta karanto masa komai. Wahalar da muka sha wata biyar ta tashi a banza."

"To da ta tambayi ciwon da ya taɓa yi fa?"

"Na ce babu."

"Ka ce babu."

"Ai babu ɗin ne. Ba ke kika ga hoton da idonki ba?"

Na faɗa masa maganganu a ranar waɗanda ƙanwa ba ta faɗa wa wanta. Na ce ya kai makauniyar takarda gaban likita sannan ya dawo yana mini gori da amsarta. Na ce in Baba ya daina tafiya, shi zai riƙa goya shi. Bai rama ba. Ya dai tsaya da soso a hannu, ruwa yana ɗiga a kan takalminsa, ya ce, "Ke ba ki ga fuskarsa ba ranar da ya fara ganin jinin nan. Ni na gani." Na juya na shiga gida. Takardar ƙorafin kuwa na ninke ta na cusa a jaka, ina jin kunyar likitar, baiwar Allah da na zaga ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba.

Washegari na nemi izini a makaranta na tafi asibiti. Na tare likitan ƙirji a baranda yana fitowa daga zagayen marasa lafiya. Na gaya masa noti, da faɗuwa, da layin biro, da kati biyu. Da na zo kan layin sai ya tsaya cak.

"A sati nawa ya yi wannan hawan?"

"Uku da 'yan kwanaki."

"Hannu biyu da ƙafa biyu?"

"Duka. Na hagu ya ɗan fi."

Ya ce, "Ki je a haɗa fayil ɗin yau. Gobe da safe ku kawo shi, zan kira likitar jijiya mu gan shi tare. Jijiyar da ta riga ta mutu ba ta cika dawowa ba, don haka kowane sati yana da muhimmanci. Kuma wannan karon shi zai zauna a kujera."

"Ai da yardarka aka ajiye shi a benci, likita."

Na ɗauka zai ji haushi. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Da yardata." Ya wuce.

Ɗakin kati yana bayan wurin karɓar magani, taga ɗaya gare shi mai ƙarafuna. Ta cikin tagar ana hango kantoci har rufi, fayil a kan fayil, wasu an ɗaure su da zare, wasu bangonsu ya yi laushi kamar tsumma. Mai katin dattijo ne, tabaraunsa a rataye da igiya, da ɗan soso mai ruwa a gefensa na jiƙa yatsa. Na tura masa katunan na ce mutum ɗaya ne, a haɗa.

"A wurinki mutum ɗaya ne, 'yata. A wurina lamba biyu, mutum biyu."

"Ga sunan nan iri ɗaya."

"Kin san masu wannan sunan nawa ne a kantar can?" Ya zaro wata takarda. "Mai fayil zai zo da ƙafarsa. In karanta masa abin da ke bangon kowanne, da sashen da ya buɗe shi, ya ce nasa ne, ya sa hannu a gabana. Sannan in haɗa."

"Malam, mutum yana rasa ƙafafunsa, kai kana maganar sa hannu?"

Bai ɗaga murya ba. "Shekarun baya wani ya zo da zafi irin naki, na tausaya na haɗa masa. Ashe mutum biyu ne. Aka kusa ba wani bawan Allah maganin wani. Tun ranar ban sake ba." Ya jiƙa yatsa ya juya takarda. "Kuma ba babanki ne na farko ba. Rabin kantar nan tagwaye ne. 'Ya'ya ne ke buɗe su, duk don ƙauna. Ni kuma in zauna ina gadin rabin mutum a nan, rabinsa a can."

A bangon tsohon fayil ɗin akwai hatimin sashen daji, ja wur. Ko ban so ba, gobe dattijon nan zai karanta wa Baba shi ta taga, a gaban layi. Wata biyar ina cika baki cewa a gaya masa. Yanzu ga faɗar ta faɗo kaina.

Da la'asar na je shago. Kekuna huɗu ne a jere ba a taɓa su ba, abin da ban taɓa gani ba. Baba yana zaune ya ɗora hannuwansa a cinya yana kallonsu. Na jawo kujerar masu jira na zauna. Duk jawabin da na shirya a mota ya gudu.

"Baba, ciwon nan na huhu da aka ce sanyi ne."

"Dajin?"

Na kasa rufe baki.

"Auta, wata huɗu kuna ajiye ni a benci ɗaya da masu irin ciwona. Kun ɗauka kurame ne? Tun zuwa na biyu wani mai gyaran rediyo ya tambaye ni nawa a ina yake, na ce a huhu aka ce, ya ce nasa a hanji. Har lambar waya muka yi musaya."

"To me ya sa ba ka ce komai ba?"

"Uwarki tana shigowa ɗaki da murmushin da ta ɗinka a ƙofa. Wanki yana mini ƙarya gumi yana keto masa. Sun sha wahala a kan abin nan. In ce musu na sani, in rushe musu?" Ya juya hannunsa yana duba layin biro. "Katin ma ina tsaye wanki ya buɗe shi. Na gane abin da yake yi, na yi shiru. Wannan kuma ba don su ba ne, don kaina ne. Tsoro nake a buɗe tsohon a ce mini abin ne ya dawo ta hannu."

"Ban san ko shi ne ba, Baba. Likita dai ya ce kada a ƙara sati."

"To sai mu je." Ya ɗan yi murmushi. "Gaskiya gare ki tun farko. Amma ke in kina da gaskiya, da guduma kike kawo ta. Wanki ya kwana biyu ba ya iya haɗa ido da ni. Ki neme shi."

Ban neme shi ba, shi ya zo. Da safe muka fito muka same shi ya tsayar da mota a ƙofa, ya nemi wani ya riƙe masa aiki. Umma ma ta saka mayafi ta ce ba za a bar ta ba. A hanya Baba ya gaya musu abin da ya gaya mini. Yaya ya ƙanƙame sitiyari. Umma ta yi kuka kaɗan, sannan ta share ido ta ce, "Wato duk ruwan ganyen nan da nake tsare ka kana sha, kana sane?"

"Ina sane. Shi ne ma ya fi ciwon wahala."

A tagar kati dattijon ya karanta bangon farko, Baba ya ce nasa ne. Ya karanta na biyu, Baba ya ce shi ma nasa ne. Da ya zo sa hannu, biron ya zame daga hannunsa sau biyu. A na uku ya dunƙule shi a tafi kamar mai riƙe sukudireba, yana kallon kowane harafi har ya gama. Mai kati ya huda fayil ɗin biyu, ya zura zare ɗaya, ya ƙulla.

Likitar jijiya yarinya ce kamar yadda aka gaya wa Yaya, ba ta fi ni da yawa ba. Ta karanta shafin farko na tsohon fayil a tsaye. Ta dubi Yaya, shi kuma ya dubi ƙasa. Ta sa Baba ya tsaya ya haɗa ƙafa ya rufe ido, likitan ƙirji ya tare shi kafin ya kai ƙasa. Ta riƙe babban yatsan ƙafarsa tana ɗagawa tana saukewa, ta ce ya faɗi ina ya nufa, bai iya ba. Da ta ga layukan biro ta tambayi wanda ya yi, na ce ni ce, ta ce in ba ta ranakun. Na ba ta littafina ta kwafe duka.

Sannan ta jawo kujera ta zauna daidai da Baba.

"Baba, ga abin da muke zato. Jiki yana da sojojinsa. Naka sun gane ƙarin nan, suka far masa, shi ya sa ya narke ba tare da magani ba. Matsalar ita ce irin wannan ƙarin yana da wani abu a jikinsa mai kama da na jijiyoyin da ke kai ji. Sojojin ba sa bambance su. Sun gama da shi, sun juya kan jijiya."

"Wato ba dawowa ya yi ba."

"A hoto dai bai dawo ba," in ji likitan ƙirji.

"Za mu ɗebi jini da ruwan baya mu tabbatar," ta ci gaba, "amma amsar tana ɗaukar lokaci, ba na son mu jira ta. Akwai maganin da ake sawa ta ƙarin ruwa, kwana biyar, yana kwantar da sojojin. Ba na maka alkawarin abin da ya tafi zai dawo. Fatana ya tsaya inda yake. Sai dai ka sani, su ne suka kori ƙarin. In muka kwantar da su, yana iya samun hanya."

Umma ta kama hannun kujera. Yaya ya buɗe baki zai yi magana, likitan ƙirji ya ɗaga masa yatsa ɗaya, ya nuna Baba.

Baba ya daɗe yana kallon hannuwansa. "In an bar shi haka fa?"

"Yadda yake hawan nan, ina tsoron nan da wata biyu ba za ka iya tsayuwa ba."

"In kuma ƙarin ya dawo?"

"Zan riƙa ɗaukar hoto duk sati shida," in ji likitan ƙirji. "Na ga ko ɗigo ne, a satin za mu fara maganinsa."

"To na gane," in ji Baba. "Zare ne ya yi tauri yana tsinka kansa. A sassauta notin. Amma 'yata, kaɗan-kaɗan, kada ki kwance shi gaba ɗaya."

A ranar aka ba shi gado. Kwana biyar yana kwance da roba a hannu, yana ba majinyatan ɗakin labarin kekunan da ya taɓa gyarawa. Yaya ne ya kwana da shi duka kwanakin, shi ke kai shi bayi, shi ke ɗaura masa maɓalli. A kwana na uku na kawo musu shayi a fulas, na zuba wa Yaya na miƙa masa da hannu biyu. Ya karɓa ya ce, "Malama, yau ba maki?" Na ce an tafi hutu. Iyakar sulhun da muka yi ke nan, kuma ya isa.

Bayan an sallame shi na ci gaba da allura da biro. Satin farko layin ya ƙara hawa faɗin yatsa ɗaya, na shiga bayi na yi kuka ba wanda ya sani. Sati na biyu na tsikara, Baba ya ce ya ji, na duba, a kan layin jiya ne. Washegari ma haka. Na daina jan sabo, sai dai in bi tsohon in ƙara masa tawada. Amsar gwajin ta iso a sati na uku, ta tabbatar da zaton likitar. A sati na biyar Baba ya ce in bar hannunsa ya huta, ya gaji da zama allo.

Bai koma yadda yake ba. Yatsunsa har yau ba sa jin zare, ƙafa kuma daga ƙwauri zuwa ƙasa sai da ido yake sanin inda take. Yana tafiya da sanda. A kan kujera yake wanke fuska. Amma yana tafiya, kuma da ƙafarsa yake zuwa shago.

Wata rana na biya na samu wata tela ta kawo keke yana tsinka mata zare. Baba ya zura zaren yana kallo da kyau, ya jawo shi, sai na ga ya kai shi bakinsa ya ratsa shi a kan leɓensa na ƙasa. Ya lumshe ido. Ya kama sukudireba da hannu biyu ya ɗan murɗa noti, ya sake ja a leɓe.

"Injiniya, yau kuma cin zaren ake yi?" in ji telar.

"Je ki gwada."

Ta taka, ɗinki ya fita sumul.

Takardar ƙorafin nan na sake rubuta ta, shafi ɗaya, babu zagi. Na roƙi a riƙa tambayar duk mai buɗe sabon kati ko ya taɓa buɗe wani, kuma mai jikin za a tambaya, ba ɗan rakiya ba. Har yau ba a ba ni amsa ba, kuma zan sake rubutawa. Amma mai kati ya rubuta tambayar da hannunsa a kan kwali ya manna a tagarsa.

Hoton sati shida ya fita babu komai. Ranar hoto na biyu, wata uku cif bayan ƙarin ruwan, mu uku muka je. Da nas ta kira lamba, ni da Yaya muka miƙe kamar yadda muka saba. Baba ya sa sandarsa ya tare mu.

"Ku jira ni a benci."

Muka zauna. Ban taɓa sanin bencin nan yana da tauri haka ba, ko cewa daga nan ana jin muryoyi ta ƙofa amma ba a jin abin da ake faɗa. Yaya yana ta juya makullin mota a yatsa. Wata mata mai ɗankwali har gira ta matso ta tambaye ni nawa a ina yake. Na ce na babana ne, a huhu. Ta ce Allah ya ba shi lafiya, nata a nono.

Minti ashirin ya yi a ciki. Ya fito a hankali yana kallon ƙafafunsa, fayil ɗin a hammata. Ya zo ya zauna a tsakaninmu, ya jingine sanda, ya gyara hula, ya ciro hankici ya share wuya.

"Baba," in ji Yaya.

"Na'am."

"Me ya ce?"

"Wa?"

"Baba, don Allah."

Ya dube shi, ya dube ni, ya bar mu muka ƙara ɗanɗana kaɗan.

"Babu komai. Ya ce in dawo bayan sati shida." Ya miƙa wa Yaya fayil ɗin. "Mayar wa mai kati. Guda ɗaya ne, kada ka dawo mini da biyu."